Makrofej ɗaya, hali biyu: me ke sa rauni ya haɗe, me ke mayar da shi gyambo?

Likitan Tiyata: Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta yi yawa, har a bakin wasu ma'aikatan lafiya, wai kumburi ne ke hana rauni warkewa, da zarar an danne shi nama zai haɗe. Ina son mu baje ta a faifai. Bari in fara da abin da ba a jayayya a kansa. Da an yanke fata, cikin mintuna jini ke daskarewa, gudan ya toshe wurin, ƙwayoyin platlet masu daskarar da jini su saki sinadaran kira irin su PDGF da TGF-β. Cikin sa'o'i kaɗan nutrofil, fararen ƙwayoyin jini masu kashe ƙwayoyin cuta, ke cika wurin, yawansu ya kai ƙololuwa tsakanin awa 24 da 48. Daga kwana na 2 zuwa na 5 makrofej, manyan ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye tarkace, ke karɓe ragama. Sai jan naman nan mai ɗigo-ɗigo ya tsiro daga ƙasa, fata ta rarrafo daga gefe, daga nan a shiga watannin gyaran tabo. Bayan mako guda ƙarfin wurin bai wuce kashi 10 cikin 100 na lafiyayyar fata ba, bayan wata uku ya kai kashi 70 zuwa 80, a nan kuma yake tsayawa. Tambayata: wace ƙwayar garkuwa ce in babu ita aikin ke tsayawa, wacce ce kuma in ta daɗe take ɓata shi?

Malamar Garkuwa: Wa alaikumus salam, Dakta. Rabin farko na tambayarka an amsa shi tun kafin a haifi yawancinmu. A 1972 Simpson da Ross suka kawar da nutrofil daga jikin ɓerayen masar, suka yi musu rauni mai tsabta, raunin ya warke lafiya lau. A 1975 Leibovich da Ross suka juya kan makrofej: suka rage monosait na jini, ƙwayoyin da ke zama makrofej in sun shiga nama, da maganin haidrokotizon, suka kashe makrofej na wurin raunin da ruwan jini mai yaƙarsu. Nan fa aiki ya cije. Matattun ƙwayoyi da tarkacen gudan jini suka taru ba mai kwashewa, faibroblas masu saƙa kolajin, zaren da ke ƙarfafa nama, suka makara, da suka iso ma ba su da yawa. Ke nan nutrofil mai gadi ne, in babu ɓarawo ana iya kwana ba shi. Makrofej kuwa shi ne mai shara, shi ne kuma shugaban magina.

Amsar rabi na biyu ma makrofej ɗin ne dai. Wanda ya iso a kwana na 1 da na 2 mayaƙi ne, yana zuba sinadaran hura kumburi irin su TNF da IL-1β da IL-6, yana ƙona abin da ya haɗiya da sinadaran oksijin masu guba. Wanda za ka tarar wajen kwana na 5 zuwa na 7 yana zuba TGF-β da PDGF don kiran faibroblas, da IL-10 don kwantar da tarzoma. Sau da yawa kuma ba wata sabuwar runduna ce ta zo ba, waɗanda suka zo da fari ne suka sauya hali. An nuna haka ƙarara a tsokar ɓera a 2007, a aikin Arnold da Chazaud a Faransa: monosait masu ɗauke da alamar Ly6C da yawa su ne ke shiga tsokar da ta ji rauni, a can ciki suke juyewa su zama masu gyara. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Gyambo shi ne inda kiɗan ya ƙi canzawa.

Mai Madubi: Malama ta ce suna juyewa, bari in ɗora da abin da ke juya su, don a nan gizo ke saƙar. Nutrofil ba ya daɗewa. Da ya gama aikinsa sai ya kashe kansa cikin tsari, ba tare da ya fashe ba. Akwai wani kitse mai suna fosfatidilserin da ke zaune a fuskar ciki ta fatar ƙwaya. In ƙwayar tana mutuwa sai ya juyo waje, ya zama tutar "zo ka ɗauke ni". Makrofej yana gane tutar da masu karɓar saƙo irin su MerTK da TIM-4, ya haɗiye gawar ɗungurungum. Wannan haɗiyar ita ce makunnin. Fadok da Henson sun nuna a 1998 cewa makrofej da ya ci mataccen nutrofil yana rage TNF da IL-1β, ya ƙara TGF-β da PGE2. Wato shara da sauyin hali aiki ɗaya ne.

In haɗiyar ta yi jinkiri, gawar ba ta jira. Fatarta na yagewa, abin da ke cikinta ya zube: ilastes da MMP-8 da MMP-9, sinadarai masu narkar da nama, da DNA, da sauran tarkacen da jiki ke ɗauka a matsayin ƙararrawar haɗari. Ƙararrawar ta kira sabbin nutrofil, su ma su mutu ba mai kwashewa. A yankan nama daga bakin gyambo abin da ake gani ke nan: nutrofil birjik a rauni mai wata uku, alhali ya kamata a ce sun ɓace tun makon farko.

Ɗan Lab: Ina roƙon alfarma ɗaya kafin wani ya rubuta M1 da M2, sunayen da ake kiran makrofej mai yaƙi da mai gyara da su. Waɗannan sunaye na farantin renon ƙwayoyi ne a ɗakin bincike. Ga yadda ake samar da su: a wanke ɓargon ƙashin cinyar ɓera, a rene shi kwana 7 a ruwan reno mai M-CSF, wajen nanogiram 20 a kowace mililita. Rabi a zuba masa LPS, gubar jikin bakteriya, nanogiram 100 da IFN-γ nanogiram 20, bayan awa 24 ka sami M1. Ɗaya rabin a zuba masa IL-4 nanogiram 20, ka sami M2. Wane rauni ne ke ɗauke da sinadari ɗaya tak na tsawon awa 24? A rauni ƙwaya tana jin ƙarancin oksijin, da laktet, da tarkacen kolajin, da taurin naman da take takawa, da sinadarai masu yawa, duk a lokaci guda. Shi ya sa in aka tsinto makrofej daga raunin ɓera ake samun guda ɗaya mai ɗauke da TNF da arjines-1 tare. VEGF ma, sinadarin da ke tsiro da sabbin hanyoyin jini, da littattafai ke jingina wa M2, mafi yawansa a kwanakin farko daga sabbin zuwa masu Ly6C da yawa yake fitowa, su da ake kira mayaƙa.

Malamar Garkuwa: Na yarda da kai, amma kada mu zubar da jariri tare da ruwan wanka. Siamon Gordon da abokan aikinsa a Oksfod ne suka nuna a 1992 cewa IL-4 na kunna makrofej ta wata hanya dabam, Charles Mills kuma ya raɗa M1 da M2 a 2000, ya gina su a kan abu na zahiri: yadda ƙwaya ke sarrafa arjinin, ɗaya daga tubalan gina furotin. Hanya ɗaya, iNOS ya mayar da shi naitrik oksaid na kisa. Ɗaya hanyar, arjines ya mayar da shi onitin, daga onitin a sami prolin na ƙera kolajin da poliyamin na rabuwar ƙwayoyi. Tukwane biyu ne ke ɗibar ruwa a randa ɗaya. Ga ɗalibi wannan hoton yana da amfani. Kuskuren shi ne a ɗauka gida biyu ne kawai, alhali bakin hanya biyu ne, ƙwayoyin na tsakani sun fi yawa. A 2014 ma gungun masana ƙarƙashin Peter Murray sun ba da shawarar a riƙa kiran ƙwaya da sunan abin da aka kunna ta da shi.

Ɗan Lab: Malama, "jariri da ruwan wanka" dai, amma arjines-1 da iNOS a ɓera suke da ƙarfi. Makrofej na mutum da aka rena daga monosait da ƙyar yake nuna su. Duk wanda ya rina naman mutum da CD163 ko CD206 ya ce ya ƙirga "masu gyara", yawan masu alamar kawai ya ƙirga, bai auna aikinsu ba.

Dattijo Farfesa: Madalla da ku. Sunan makrofej ma kansa daga aikin ci ya samo asali. Metchnikoff ne a Mesina ta ƙasar Italiya, a 1882, ya soka ƙaya a jikin jaririn tauraron teku, wanda jikinsa garai yake ana hango ciki, washegari ya tarar ƙwayoyi masu yawo sun yanyame ƙayar. Makrofej a Girkanci "babban maci" ke nan. Ya karɓi kyautar Nobel a 1908 tare da Paul Ehrlich.

To amma bari in jefa muku tsakuwa a cikin tuwon. A 2003 Paul Martin da mutanensa suka yi rauni a jikin jariran ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gado ta PU.1, waɗanda ba su da makrofej ba su da nutrofil masu aiki. An tsare su da maganin kashe bakteriya. Raunin ya rufe a kan lokaci, tabon ma bai kai na 'yan'uwansu ba. Haka ɗan tayin mutum, kafin wajen mako na 24, fatarsa na warkewa ba tabo, kumburin da ke wurin kuma ɗan kaɗan ne. Idan makrofej dole ne, ina za mu kai waɗannan? Shin ba masu cewa a danne kumburi ne ke da gaskiya ba?

Malamar Garkuwa: Ranka ya daɗe, tsakuwar ta shiga, amma tana taunuwa. Raunin jaririn ɓera ƙarami ne, namansa yana cikin girma, kuma a can faibroblas da kansu suka ɗauki aikin haɗiye gawarwaki. Babban rauni a jikin baligi ba haka yake ba. Abin da gwajin ya koyar shi ne makrofej na da hannu a tabo, wannan kam gaskiya ne. Sai dai tambayar ba "a cire ko a bari" ba ce, tambayar "yaushe" ce, kuma an gwada. A 2010, a ɗakin binciken Sabine Eming da ke Kolon a Jamus, Lucas da abokan aikinta suka yi amfani da ɓerayen da aka sa wa makrofej ɗinsu mai karɓar gubar mashaƙo, ta yadda allurar gubar za ta kashe su a ranar da aka ga dama. Da aka kashe su a kwanakin farko, jan nama bai tsiro sosai ba, fata ta yi nawar rufewa, tabo kuma ya ragu. Da aka kashe su a tsakiya, sabbin hanyoyin jini suka rushe, jini ya ɓalle a cikin raunin, ya kasa rufewa. Da aka kashe su a ƙarshe, kusan ba abin da ya canza. Ƙwaya ɗaya, gwaji uku, sakamako uku.

Hanta ta fi fito da abin fili. Duffield da abokan aikinsa a Edinbara, 2005: ana ba ɓera kabon tetrakolorayid har hanta ta yi tabo. In aka kawar da makrofej lokacin da gubar ke ci, tabon na raguwa. In aka kawar da su bayan an daina ba da gubar, tabon da ya kamata ya narke sai ya ƙi narkewa. Masu ɗora tabo da masu kankare shi dangi ɗaya ne, na biyun suna aiki da MMP-9 da MMP-12 da MMP-13.

Dattijo Farfesa: Haka nake son ji, 'yata. Ki ƙara da aksolotul, dabbar ruwan nan ta Meziko mai kama da ƙadangare, wadda ke tsiro da sabuwar ƙafa in an yanke. Godwin da Rosenthal a 2013 suka kashe makrofej ɗinta da kolodronet da aka naɗe a ƙwallayen kitse. Dungulmin ya rufe da tabo, ƙafa ba ta fito ba. Da makrofej suka dawo aka sake yankewa sama da tabon, ƙafa ta tsiro. Ga dabbar da ba ta san tabo ba, rashin makrofej ne ya koya mata shi.

Sista Mai Ɗaurin Miki: Allah ya ƙara sani. Bari in sauko da maganar bakin gado, don duk abin da kuka faɗa yana da fassara a hannu. Miki da ya wuce mako 4 zuwa 6 bai nuna alamar rufewa ba, an daina kiransa sabon rauni. A gyambon ƙafar mai ciwon sukari akwai ma'auni mai sauƙi: a auna tsawo da faɗi ranar farko, a sake aunawa bayan mako 4. In girman bai ragu da rabi ba, da wuya ya rufe a mako 12, sai a sake lale maimakon a ci gaba da ɗaurin da ba ya aiki.

Abin da ake yi, in ka duba, duk cire abin da ke hana makrofej juyewa ne. Na farko, kankare mataccen nama da wuƙa har a kai inda ke fitar da jini. Mataccen nama ƙararrawa ce da ba ta yin shiru, a kansa kuma bakteriya ke shimfiɗa yauƙin da suke fakewa a ciki, wanda nutrofil ba ya iya hudawa, sai ya tsaya a bakinsa yana zubar da gubarsa a kan naman mai ciwon. Yauƙin yana sake haɗuwa cikin kwana 1 zuwa 3, shi ya sa kankara sau ɗaya ba ta wadatarwa. Na biyu, danshi daidai. Tun 1962 George Winter ya nuna a fatar alade cewa raunin da aka rufe da danshinsa fata na rufe shi da sauri fiye da wanda aka bari ya yi ɓawo. Amma ruwan gyambo ba irin ruwan sabon rauni ba ne, cike yake da MMP-9 da ilastes masu narkar da sinadaran tsiro da naman gefe. Don haka mai zubar ruwa da yawa a sa masa abin tsotsewa, ko injin zuƙa da aka fi saitawa a 125 na milimitar makuri. Na uku, a ɗauke nauyi daga wurin. Mai ciwon sukari da jijiyoyin jin zafinsa suka mutu yana taka mikin sau dubbai a rana, kowane taku sabon rauni ne, agogon kumburi ya koma sifili. Simintin ƙafa da ke rarraba nauyi shi ne ya fi aiki, don ba ya ciruwa.

Kuskuren da ya fi yawa: wanke jan nama mai tsirowa da haidrojin feroksaid ko sinadari mai ƙarfi kullum. Yana kashe faibroblas da sabuwar fata tare da ƙwayoyin cutar. Miki mai tsabta ruwan gishirin asibiti ya ishe shi.

Mai Madubi: Sista, ki ƙara gyambon jijiyoyin da ke mayar da jini, don a nan an san takamaiman abin da ke ƙulle makrofej. Bawul ɗin jijiya ya lalace, jini ya taru a ƙasan ƙafa, jajayen ƙwayoyi su tsiyayo cikin nama. Makrofej ya haɗiye su, sinadarin ƙarfe ya cika masa ciki. Duhun nan mai ruwan ƙasa da ake gani kewaye da idon sawu, ƙarfen ne. Sindrilaru da abokan aikinta a Jamus sun nuna a 2011 cewa makrofej mai cike da ƙarfe yana maƙalewa a halin yaƙi, yana ta zuba TNF da sinadaran oksijin masu guba, har faibroblas na kusa su tsufa su daina rabuwa.

Sista Mai Ɗaurin Miki: Shi ya sa maganinsa matsi ne, ba man shafawa ba. Bandeji mai hawa-hawa da ke ba da matsin kusan milimitar makuri 40 a idon sawu, yana raguwa zuwa gwiwa. Amma sai an fara auna matsin jinin idon sawu a raba da na hannu. Daga 0.8 zuwa 1.3 a yi cikakken matsi. Tsakanin 0.5 da 0.8 a sassauta, kuma da sanin likitan jijiyoyi. Ƙasa da 0.5 kada a matse sam, ƙafar za a rasa. Sama da 1.3 kuma ba abin murna ba ne, alama ce jijiyoyin sun ƙandare, awon bai zama abin dogaro ba, abin da ke yawan faruwa ga masu ciwon sukari.

Likitan Tiyata: Maganar jini ta kawo mu kan oksijin, wanda ake mantawa da shi in ana zancen sinadarai masu dogayen sunaye. Nutrofil na buƙatarsa don ƙera gubar da yake kisa da ita. Injinan sinadari, wato enzayim, da ke ɗaure zaren kolajin, masu aiki a kan prolin da laisin, suna buƙatar oksijin da ƙarfe da bitamin C. Ƙarancin oksijin na ɗan lokaci a tsakiyar rauni yana da amfani, shi ke tayar da HIF-1α, furotin da ke sanar da ƙwaya oksijin ya yi ƙasa, har a zuba VEGF. Wanda ya ɗore kuwa, saboda toshewar jijiya ko shan taba ko ɗinki da aka ja da ƙarfi, ba ƙwayar da za ta iya aiki a cikinsa.

Sai sitiroyid, wanda shi ne ya fi kusa da tambayata ta farko. Mai shan sa da yawa na tsawon lokaci, monosait ba sa isowa yadda ya kamata, kolajin ya yi ƙaranci, ɗinki na iya buɗewa, kuma ɓarnar ta fi yawa in maganin na jiki a kwanakin farko na raunin. Wani Ehrlich ɗin dabam da Hunt sun nuna a 1968 cewa bitamin A na warware wani ɓangare na wannan illa. Amma wannan sitiroyid ɗin dai shi ake yi wa tabo mai tudu, keloyid, allurar tirayamsinolon mai ƙarfin miligiram 10 zuwa 40 a mililita, duk bayan mako 4 zuwa 6, ya kwantar da shi. Maganin da ke hana rauni haɗewa a makon farko shi ke rage tabo bayan watanni.

Ɗan Lab: Dakta, a ciwon sukari ba a wuri ɗaya sarƙar ke tsinkewa ba. Haɗiye gawarwakin nutrofil na yin rauni, an nuna haka a raunin ɓeraye masu ciwon. Makrofej na shiga wani zagaye inda NLRP3, ƙararrawar da ke cikin ƙwaya, ke sa a saki IL-1β, shi kuma IL-1β ya sake kunna makrofej ɗin. Mirza da Koh a Shikago sun toshe IL-1β a raunin ɓerayen, warkewa ta inganta. Nutrofil ɗin ma ya fi saurin amayar da DNA ɗinsa waje kamar taru. Tarun an gano shi a 2004 a matsayin tarkon bakteriya, amma Wong da Wagner sun nuna a 2015 cewa sukari na sa a yi shi fiye da kima, kuma ɓerayen da ba su da PAD4, injin da ke kwance DNA ɗin, rauninsu ya fi saurin rufewa.

Har abincin ƙwayar ma na sauyawa. Mai yaƙi yana ƙona gulukos cikin gaggawa ba tare da dogaro da maitokondiriya, murhun ƙwaya mai aiki da oksijin, ba, saksinet ya taru a cikinsa, saksinet ɗin ya riƙe HIF-1α, shi kuma ya ƙara IL-1β. Mai gyara yana komawa numfashin maitokondiriya. To ƙwayar da ke iyo a cikin sukari, ta ina za ta fara sauya murhu?

Malamar Garkuwa: Kada dai a tashi da tunanin makrofej shi kaɗai ke kiɗansa yana rawarsa. Ƙwayoyin T masu tsawatarwa, Treg, suna taruwa a tsokar da ta ji rauni, suna sakin amfiregulin da ke taimakon ƙwayoyin asalin tsoka. Ɗakin binciken Mathis da Benoist a jami'ar Habad ta Amurka ne ya nuna a 2013. A huhun ɓera mai mura, an nuna a 2015 cewa in Treg ba sa iya ƙera amfiregulin huhun ya fi lalacewa, ko da yake yawan ƙwayar cutar bai canza ba. Wato aikin gyara dabam, aikin yaƙi dabam, a ƙwaya ɗaya. Iyosinofil, da muka sani da tsutsar ciki da asma, shi ke kawo IL-4 a tsoka. Kitsen da jiki ke ƙera saƙonni da shi ma yana juyawa: da fari prostagilandin da lukotirayin masu kiran nutrofil, daga baya lipoksin da rizolbin, waɗanda Charles Serhan ya yi fice a kansu, masu cewa nutrofil ya isa haka, makrofej ya hanzarta shara. Mutuwar kumburi aiki ne da jiki ke yi da gangan, ba wuta ce da itace ya ƙare mata ba.

Mai Madubi: Akwai kuma batun asali. Ba duk makrofej ne ɗan ɓargo ba. Na ƙwaƙwalwa tun daga jakar ƙwai ta ɗan tayi suke, Ginhoux ya tabbatar a 2010, kuma da yawa daga na hanta da huhu da zuciya tun kafin haihuwa suka zauna, suna haifar kansu a wurin. Wannan na da tasiri a zuciya. Jaririn ɓera ɗan kwana 1 in aka yanke ƙarshen zuciyarsa tana sake tsirowa, ɗan kwana 7 kuwa tabo yake yi. Aikin Porrello ne a 2011. A 2014 aka nuna cewa in an kawar da makrofej, ɗan kwana 1 ɗin ma ba ya iya tsirowa. A jariri, 'yan gida ne ke yawaita bayan rauni. A baligi da jijiyar zuciyarsa ta toshe, 'yan gida na mutuwa a wurin, baƙi daga jini masu alamar CCR2 su mamaye. A nan ma tabon ba abin raina wa ba ne: tsakanin kwana na 3 da na 7, lokacin da aka kwashe mataccen nama amma kolajin bai yi ƙwari ba, shi ne lokacin da aka fi tsoron bangon zuciya ya yage.

Dattijo Farfesa: To ga tambayar da mai ciwo zai yi muku: duk wannan sani, ina maganin? PDGF na shafawa, bekaplamin, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1997, amfaninsa kuma matsakaici ne. TGF-β3, da aka ɗora wa buri saboda yawansa a raunin ɗan tayi, ya faɗi a gwajin mataki na uku a 2011. Me ya sa kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu?

Likitan Tiyata: Ranka ya daɗe, dalili ɗaya Sista ta riga ta faɗa. Ka zuba sinadarin tsiro a gyambo mai cike da ilastes, ka zuba gishiri ne a kogi. Sai an kankare, an gyara jini, an ɗauke nauyi, sannan yake da wurin zama. Na biyu, sinadari ɗaya ake bayarwa da ƙarfi ɗaya kullum, alhali raunin na buƙatar abu dabam a kowane mataki. Masu tura makrofej zuwa halin gyara kuma su sani hanyar ba ta da birki da kanta: IL-4 da IL-13 da TGF-β in suka zarce, su ne tabon huhu da na hanta, su ne kuma ke haɗe makrofej su zama ƙattin ƙwayoyin da ke kewaye abin da aka dasa a jiki da kwanson tabo. Gaba damisa, baya siyaki. Abin da na fi sa wa ido shi ne ba da ƙwayar kanta. A Edinbara, ƙarƙashin Stuart Forbes, an ɗebi monosait na masu tabon hanta, aka rene su suka zama makrofej, aka mayar musu ta jijiya. Rahoton 2019 na mutum 9 ya nuna jiki na karɓa ba tare da babbar illa ba. Matakin farko ke nan, na tabbatar da rashin cutarwa.

Ɗan Lab: Dalili na uku daga wajenmu yake, kuma gara mu faɗa da bakinmu. Ɓera na da siririyar tsoka a ƙarƙashin fata wadda mutum ba shi da ita sai ɓurɓushinta a wurare kaɗan kamar wuya, don haka rauninsa tsukewa yake yi kamar bakin jaka, na mutum kuwa cikowa yake da jan nama fata ta rufe. Wanda ya huda fatar ɓera da mahudi mai milimita 6 ya ɗauki hoto kullum, tsukewa ya auna. Sai an ɗinka zoben silikon kewaye da raunin ya riƙe bakinsa, kamar yadda Galiano ya tsara a 2004, kuma a riƙa duba zoben, don ɓera na cizge shi. Ɓeran db/db ma, mai ciwon sukari na gado, jinkirin warkewa yake yi, ba gyambon shekara ba, ba ya kuma taka raunin da ke bayansa.

Ga mai son ya ga juyin da idonsa: kada ya ɗebi nama rana ɗaya. Kwana na 1, na 3, na 5, na 7, na 10 da na 14, kowace rana da ɓerayenta. A narkar da naman da kolajines a ma'aunin zafi 37, kada a wuce awa ɗaya, don daɗewa na cinye alamomin da ke fatar ƙwaya, yana kuma kunna ƙwayoyin gadon firgita da za a ɗauka na raunin ne. A tace, a sa rinin da ke ware matattu, a toshe masu karɓar Fc kafin a zuba sauran rini, in ba haka ba makrofej zai kama kowane rini ya ba da amsar ƙarya. A ware CD45 da CD11b, a fitar da masu Ly6G gefe, su ne nutrofil, a fitar da masu Siglec-F, don iyosinofil ma na ɗauke da F4/80 yana shiga lissafi a ɓoye. Abin da ya rage mai CD64 a raba shi da Ly6C. A rubuta adadin ƙwayoyi a kowane miligiram na nama, ba kaso cikin ɗari kaɗai ba, don kason makrofej na iya tashi kawai saboda nutrofil sun ragu.

Sista Mai Ɗaurin Miki: Malam, in nama za a ɗiba daga gyambon mutum fa, daga ina?

Mai Madubi: Daga baki, Sista, yankan ya haɗa da fatar gefe da ƙasan mikin, bayan an kankare. Tsakiya tarkace ne kawai za a gani. Gyambon da ya wuce wata uku ana yi masa abin da ya dace bai motsa ba, ko bakinsa ya yi tudu ya juyo waje, a ɗebi fiye da wuri ɗaya, don kansar fata na iya fakewa a tsohon miki. In kuma bakin ya yi shuɗi-shuɗi, ya rarake ta ƙasa, ga zafi mai tsanani, kuma kowace kankara faɗaɗa shi take yi, a ajiye wuƙa a kira likitan fata. Wannan ciwon nutrofil ne da kansu suka haddasa shi ba tare da ƙwayar cuta ba, kuma shi ne gyambon da sitiroyid ke warkarwa.